Yadda Jaja Ya Jawo Mana Asarar Kek

Kakana Leopold Dudek ya haura shekara tamanin a duniya, amma bai san kamannin ƙarfe biyu na rana ba. Idan ka tambaye shi abin da ke faruwa tsakanin abincin rana da la'asar, sai ya ce shi ma labari yake ji. Jaja muke ce masa, matarsa Bernadine kuma Busha, kamar yadda duk jikokin 'yan Poland na unguwarmu a Toledo, can Amurka, suke kiran kakanninsu.

Kada a ɗauka lalaci ne. Lalacin gidanmu ni na kwashe shi kaf, ban rage wa kowa ba. Shi sana'a ce ta mai da shi haka. Tun yana saurayi ya shiga gidan burodi, inda ake fara aiki lokacin da mutanen kirki suke kwance, a tashi da tsakar rana. Sai ya dawo gida da fulawa har a gira, Busha ta ajiye masa abinci, ya ci, ya ajiye cokali, shi ke nan an ɗauke wuta. Haka ya yi shekara arba'in da ɗoriya. Da ya yi ritaya an ba shi agogo da takardar yabo, amma ba wanda ya tuna ya sanar da jikinsa. Har yau, da abincin rana ya sauka cikinsa, sai idanu su rufe shago.

Ya yi barci a bikin auren mahaifiyata. Hoton na nan, kansa a kafaɗar uban ango, mutumin da ranar suka fara haɗuwa. Ya yi barci a kujerar likitan haƙori, baki buɗe, har likitan ya ce da duk masu zuwa wurinsa haka suke, da bai yi furfura da wuri ba. Lasisin tuƙinsa ma a haka ya tafi. Ya tsaya a jar wuta bayan ya ci ya ƙoshi, wutar ta yi kore, ta yi ja, ta sake yin kore. Ɗan sanda ya ƙwanƙwasa gilashi har ya gaji, sai da aka je gida aka ɗauko Busha.

Don abu ɗaya ne tak a duniya yake tashinsa: gwiwar hannun Busha. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗarsa ba, amma Allah ya ba ta gwiwar hannu kamar tsinin lema. Wuri ɗaya take nufa, ƙasan haƙarƙarinsa na hagu. Ba ta kuskure, ba ta ma waiwayowa. A coci, a biki, a wurin jana'iza. Jaja ya rantse cewa da aka yi masa hoton ƙirji, likita ya tambaye shi ko ya taɓa yin haɗarin mota. Shi kuwa da ya ji saukarta sai ya zabura ya ce, "Gaskiya ne!" da ƙarfi, don a ɗauka yana bin zancen. Ya gano tun da wuri cewa kome ake faɗa, wannan amsar ba ta cika jawo rigima ba. Sau ɗaya ta taɓa ba shi kunya, ranar da surukarsa take cewa ita kam ta tsufa ta yi muni.

Da dusar ƙanƙara ta ishe su, sai suka sayar da gidan Toledo suka sauko Florida, suka shiga wani gidan tsofaffi mai suna wai Gaɓar Kwanciyar Hankali. Irin gidajen nan ne da kake zuba musu kuɗin gidanka gaba ɗaya ranar shiga, sannan ka riƙa biya duk wata, su kuma su yi alkawarin riƙe ka har ƙarshe. Muddin kana da ƙarfi, kana ɗakunanka da kicin ɗinka. Ƙafa ta fara gardama, a mai da kai ginin tsakiya inda ake taimaka maka da wanka. Abu ya wuce haka, a tsallaka da kai filin ciyawa zuwa sashen jinya. Duk a cikin katanga ɗaya. Ka shiga da ƙafarka, ka fita a motarsu, in ji Jaja.

To, da yake tsoho ya miƙa duk abin da ya tara, in kamfanin ya karye ba shi da wurin komawa, sai dokar jiha ta ce dole kamfani ya buɗe cikinsa. Kafin ka sa hannu su ba ka wani littafi mai kaurin bulo, na abin da suka samu da abin da suka kashe. Sannan sau huɗu a shekara su tara mazauna gidan, su yi musu bayani baki da baki, har da abin da suke shirin yi.

Busha ta karance littafin nan tas, da jan biro a hannu. Ta sa mai tallan gidan ya cire kwat ya nemi ruwa. Jaja na gefe yana aikinsa, sai da aka zo sa hannu ta taɓa shi. "Gaskiya ne!" ya ce, ya karɓi biro. A tarukan ma haka take, a layin gaba, hannun hagu a sama tana tambaya, na dama yana kula da haƙarƙarin mijinta. Jaja ya ce haka suka raba aikin aure tun farko: shi ya gasa, ita ta sa ido.

Sai mai sa idon ta fara mantuwa. Yau jakarta a firji, gobe takalmi a tanda. Rannan ta tambaye ni ko ni ne yaron da ke gyaran famfo. Na ce, "Busha, ni ko wanke hannu a famfo sai an tuna mini." Ta ce ai ta gani a fuskata. Muka yi dariya, Jaja bai yi ba. Ba a daɗe ba aka tsallaka da ita filin ciyawa.

Tun daga nan Jaja ya sami sabon aiki. Da safe ya gasa ɗan burodi a kicin ɗinsa, ya naɗe a tawul, ya taka sannu a hankali ya tsallaka filin, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya zauna, ya yayyanka, ya ba ta a baki. Ba ta san shi ba. Mai burodi take ce masa.

"Mai burodi, kana da aure kuwa?"

"Ina da shi, Misis."

"Allah sarki. Matar nan tana haƙuri."

Ni a lokacin na biyo su Florida, bayan na yi wa kwaleji zango ɗaya da rabi na ga ba za mu daidaita ba. Na wanke jiragen ruwa, na share tafkunan wanka, na ɗan taɓa sayar da katifa har ranar da mai shagon ya same ni ina gwada hajar. Abin da ke kai ni wurin Jaja, ban da ƙauna, shi ne abincin ranar taro.

Don shekarar da Busha ta daina zuwa taro aka kawo sabon manaja, Mista Dalton Pruitt, mutum mai fara'a, mai tsabta, da murya kamar ana shafa maka mai a baya. Shi ya mai da taron bayan abincin rana, ya kuma ce ranar taro abinci kyauta ne, har da baƙi. Kuma ba abincin wasa ba. Gasasshen talotalo, kirɓaɓɓen dankali da bota, romo mai kauri, sannan a rufe da kek mai lemun tsami, wanda saboda shi wasu suke sako haƙoransu na fita unguwa. Da an gama, a wuce zaure. A ja labule, a kashe fitila, a kunna majigi, na'urar sanyi na gurnani ƙasa-ƙasa. Sai Mista Pruitt ya fara: "Idan muka dubi wannan shuɗin layin..."

Tsofaffi wajen ɗari biyu. Kafin ya kai ga jan layi, zauren ya koma kamar kududdufin kwaɗi da damina. Ni kaina, mai jini a jika, ban taɓa wuce hoto na huɗu ba. Doka ta ce a tara mutane a yi musu bayani. An tara, an yi. Ba inda ta ce sai idonsu biyu.

Ba wanda abin ya dama, har ranar da Jaja ya isa da burodinsa ya tarar da wasu ƙarti biyu a ɗakin Busha, ɗaya na auna taga, ɗaya na ƙwanƙwasa bango.

"Samari, labule za a canja?"

"Mu dai awo aka ce mu yi, Baba."

Ya tambayi Mirlande, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da Busha, 'yar Haiti mai dariya har kunne. Ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mista Leo, ni ba a gaya mini komai ba. Amma an ce kada mu sake sayo sababbin zannuwan gado. Ka tambaya a taro. A can dole su amsa, kuma ana rubutawa."

Ya je ofis. Sakatariya ta ba shi alewa, ta ce Mista Pruitt yana bayyana komai a taro, kuma littafin bana yana laburare ga duk mai so. Muka je tare. Jaja ya kai shafi na biyu. Ni kuwa na duba kaurin abin, na ga littattafan da suka koro ni daga makaranta ba su kai rabinsa ba, sai na zauna gadin Jaja har ya farka.

A hanyar dawowa ya ja ya tsaya a tsakiyar filin ciyawa.

"Rudy, in suka ɗauke ta daga nan, da me zan riƙa zuwa? Ba mota, ba lasisi. Kai kuma motarka sai an tura."

"Haba Jaja, ai tana tashi in ta sami gangara."

"Florida ce nan, ɗan nema. Nuna mini gangarar."

Ya dubi tagar ɗakinta. Sannan ya ce, "Tambaya ɗaya zan yi musu. Ina za su kai ta. Amma sai ƙarshen taro ake ba da dama, ni kuwa ban taɓa ganin ƙarshen taro ba."

Maƙwabciyarsa ce ta ce ta ɗauki aikin. Misis Odalys Ferrer, 'yar Cuba, mijinta ya daɗe da rasuwa, gajera, da jan-baki raɗau ko da wane lokaci ka buga mata ƙofa. Ba sai an gaya mata zance ba, bangon da ke tsakaninsu ba shi da kauri.

"Leo, kai dai ka bar abinci ranar, sauran ka bar mini. Gahawar da zan dafa maka, ita na ba marigayi bayan tiyata, ya tashi yana neman takalmin rawa."

Ranar taro Jaja ya zo da niyya mai kyau. Ya ce zai zauna a tebur ne kawai don kada a ce yana fushi da wani. Aka wuce da talotalo, ya kau da kai. Aka wuce da dankali, ya dubi sama. Sai aka ajiye kek a gabansa.

"Ƙasan nan bai gasu ba."

"Jaja, ba ruwanka."

"Ba ci zan yi ba, dubawa zan yi. Shekara arba'in ina wannan aikin, sai in ga ana ɓarna in yi shiru?"

Ya duba yanka ɗaya. Ya duba na biyu don ya tabbatar. Sannan ya ce tsamin ya tsaya masa a wuya, bari ya ɗan tura da talotalo. Misis Odalys ta wanke shi tas da Sifaniyanci, ta ɗura masa gahawa baƙa kamar kwalta, ɗan kofi bayan ɗan kofi. Muka sa shi a tsakiya, ita a dama riƙe da fil ɗin gashinta, ni a hagu.

Gahawar ta yi aiki, sai dai ƙafa kawai ta kama. Ƙafarsa na rawa kamar ta tela, sama kuwa an kulle. Misis Odalys ma ta riga shi yin barci, fil a hannu, jan-baki a buɗe. Ni kuma na ce bari in ɗan hutar da ido ɗaya, ɗayan ya bi ɗan'uwansa.

Sakatariya ce ta ba mu sauran labarin. Wai a ƙarshe Mista Pruitt ya tambaya a hankali, kamar mai gudun tada jariri, "To, ina fata kowa ya ga cewa wannan shi ne ya fi mana alheri?" Jaja bai farka ba. Amma shekaru sun koya wa bakinsa amsa duk muryar da ta yi kama da tambaya. Daga tsakiyar munshari ya ce, "Gaskiya ne!"

Washegari aka manna bayanin taron kusa da lif, na'urar hawa bene. An tattauna shirin sake fasalin gine-gine, mazauna sun nuna gamsuwa, musamman Mista Dudek. Wane gini, wane fasali, ba a ce ba.

Na raka shi wurin Busha ranar. Ya yanka burodi, ya ba ta, sannan ya ce:

"Misis, na yi ɓarna."

"Ka ƙona burodin?"

"Kusan haka."

"To ka kankare baƙin, ka shafa bota. Ba wanda zai sani."

Ya yi dariya, ya goge ido da tawul ɗin burodin. Da muka fito Mirlande ta nuna mana da haɓa tarin kwalayen kwashe kaya da aka jibge a bayan sashen. Saura taro ɗaya kafin shekara ta ƙare.

Muka shiga atisaye. Ya gwada cin abinci a tsaye, ya yi barci jingine da firji. Ya zuba busasshen wake a takalmi, ya tashi yana cewa ya yi mafarki yana yawo a bakin teku. Ya gwada zama da yunwa, sai muka gano ba sai ya ci ba, ƙamshin ma ya isa, zauren taro kuwa jikin kicin yake. Na gwada tawa gwiwar hannun, daidai wurin da ya nuna mini. Da ya farka don kansa da la'asar ya ce, "Ka yi kuwa?"

"Jaja, har hannuna ya yi tsami."

"Gwiwar hannu kamar ƙullun da bai ji yis ba. Haka hannun da bai taɓa aiki ba yake."

Misis Odalys ta ce ita ba za ta kai jikinta haƙarƙarin mijin wata ba, tana da tarbiyya, amma ta yarda ta gwada da lema. Lemar ta lanƙwashe.

Da ranar ta zo, Jaja ya riga ya haƙura da dabara. Ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza, ya ce wa Mirlande ta shirya Busha.

"Na san barci zan yi," ya ce. "Amma kuɗinta ne kamar yadda yake nawa, hannunta ne a takardar nan kusa da nawa. In za su ɗauke ta, su faɗa a gabanta. Ko ba ta gane ba, ta fi ni, ita idonta biyu."

Mirlande ta sa mata shuɗiyar rigarta, ta taje mata kai, ta maƙala mata 'yan kunne. Jaja ya tura kekenta na marasa lafiya ya tsallaka filin ciyawa, yana tsayawa yana hutawa. A bakin ƙofa Mista Pruitt ya tare su da murmushi.

"Mista Dudek, ba ka ganin taron zai gajiyar da Misis?"

"Taronka bai taɓa gajiyar da kowa ba, Mista Pruitt. Kowa fita yake a huce."

A tebur kuwa Busha ba ta yarda ta ci sai ta ga mai burodi ya ci. Ita cokali ɗaya, shi ɗaya, har kek. Magana ta ƙare ke nan. Ni ranar motata ta ƙi tashi, sai da na roƙi wasu 'yan makaranta suka tura ni, na iso an kwashe kwanuka. Da yunwa da haushi na zauna a bayansu, shi ya sa duk abin da ya faru a kan idona ya faru.

Wurin keke a ƙarshen layi yake, don haka aka ajiye Busha a hagun Jaja. Ba wanda ya shirya hakan. Aka ja labule, aka kashe fitila. "Idan muka dubi wannan shuɗin layin..." Kwaɗi suka fara. Kan Jaja ya yi gaba, ya dawo, ya yi gefe, ya sauka a hankali a kafaɗar Busha. Ya ja munshari na farko.

Ita tana kallon majigi kamar mai kallon ruwan sama. Ba ta waiwayo ba. Na dai ga hannun dama ya ɗan ɗaga, sannan, dum.

"Gaskiya ne!"

Mista Pruitt ya ɗan yi turus, ya ce, "Na gode, Mista Dudek," ya ci gaba. Jaja ya dafe haƙarƙari yana zare ido, ya dube ta, ya dube ni. Amma talotalo ba ya sakin mutum da sauƙi. Jim kaɗan kan ya sake sauka. Dum. "Gaskiya ne!" Haka aka yi ta yi, kamar mai shaƙuwa. Aka zo kuɗin gyaran rufi, gaskiya ne. Aka zo kuɗin yankan ciyawa, gaskiya ne. Mista Pruitt bai taɓa samun goyon baya irin na ranar ba, har ya fara dubansa da alamar tsoro.

Can kusa da ƙarshe kan ya sake sauka, wannan karon da nauyi. Gwiwar hannun ta tafi, kuma murya ta biyo ta, siririya, a fili, irin ta da.

"Leo. Tashi, muna cikin mutane."

Rabon da ta kira sunansa, ni ma na manta. Jaja ya buɗe baki zai ce abin da ya saba, kalmar ta maƙale. Ya zauna sak, ba alamar barci a fuskarsa. Kuma a cikin wannan shirun ne muryar Mista Pruitt ta shigo kunnensa, mai laushi kamar kullum: "...sai a mai da sashen jinyan ɗakunan zama na zamani, marasa lafiyanmu kuma a kai su wani gida mai kyau da muka yi yarjejeniya da shi, a tsallaken gada..."

"Wace gada?"

Mutumin da ya shekara arba'in yana magana a kan ƙarar injin kwaɓa fulawa ba ya bukatar lasifika. Bai jira lokacin tambaya ba. Ya miƙe, ya taka zuwa bango, ya kunna fitilu gaba ɗaya. Tsofaffi ɗari biyu suka farka lokaci guda. Wani ya ce, "An gama?" Wata ta ce ita ba barci take ba, addu'a take.

"Ina za ku kai matata?"

"Mista Dudek, na rantse ban ɓoye wa kowa ba. Wannan ne karo na uku da nake faɗa a nan zauren. Yana rubuce. Kai da bakinka ka ce gaskiya ne."

Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin haushin ke nan.

"To maimaita," in ji Jaja. "Da fitila a kunne."

Ya maimaita. Kalmomin nan dai su ne, amma a cikin haske sai suka fito da haƙora. Tsallaken gada, tafiyar da sai da mota. Kowa a zauren nan ya san filin ciyawar nan shi ma wata rana zai tsallaka shi, kuma don kada a kai shi nesa da nasa ya sayar da gidansa. Sanduna suka fara buga ƙasa. Na'urorin ji suka hau fito. Misis Odalys ta hau Sifaniyanci, ba ta sauko ba sai da numfashi ya ƙare. Ashe gidan cike yake da tsofaffin lauyoyi da akantoci da suka gaji da kamun kifi. Wani dogo da na ɗauka kurma ne ya miƙe ya ce a koma hoto na farko, a tafi a hankali. Mista Pruitt ya cire kwat ya nemi ruwa.

Jaja bai gane ko rabin abin da suka yi ta faɗa ba. Ya koma ya zauna, ya riƙe hannun Busha. Ta dube shi ta ce, "Mai burodi, me ake rabawa?"

Rigimar ta ɗauki watanni. Aka kafa kwamiti, aka kai magana ofishin jiha mai sa ido a kan irin gidajen nan, aka baje lissafi a tebur. Sai ga shi sashen jinyan da gaske yana cin kuɗi fiye da yadda yake kawowa, a nan ma Mista Pruitt bai yi ƙarya ba. A ƙarshe aka daidaita. Sashen jinya yana nan inda yake. Kuɗin wata ya ɗan hau. An fasa sabon tafkin wanka. Taro ya koma da safe, labule a buɗe, kujeru na katako, gahawa ba sukari. Abincin kyauta kuwa an soke shi, har da kek.

Wannan na ƙarshen ne mutane ba su yafe ba. Mutumin da ya hana a kai su tsallaken gada, in ya shiga lif sai a yi shiru. Wani tsoho mai suna Mista Ansel har yau in ya gan shi sai ya ce, "Ga mai kashe kek nan." Jaja ya ce masa ai ƙasan bai taɓa gasuwa ba. Ni kuwa da asarar ta fi shafa, dole ta sa na kama aiki, ina kai wa mutane kaya gida-gida a motar kamfani, wadda ke tashi ba turi.

Busha ba ta sake kiran sunan Jaja ba. Yana nan yana tsallaka filin kullum da burodinsa a tawul. Yanzu har abincin rana a can yake ci. In sun gama sai ya ja kujera zuwa damanta, ya gyara zama yadda haƙarƙarin hagu zai daidaita, ya lumshe ido. Ba a daɗewa. Dum.

Rannan Mirlande ta ga yana dafe wurin yana yamutsa fuska, ta ce, "Mista Leo, bari in mai da maka kujerar ɗaya gefen, ka sami barcinka."

Ya riƙe kujerar da hannu biyu.

"Ki bar ta nan," ya ce. "Nan ne kaɗai ba ta manta ba."